Sauke giyabos don canza kulocin babur: a gida ko a gareji?

Faifan kulocin babur bai wuce faɗin tafin hannu biyu ba, kuma 'yan notuna ne ke riƙe da shi. In ka riga ka kai gare shi, cire tsoho ka sa sabo ba zai ci maka awa guda ba. Kaiwa gare shi ɗin ne aiki. A wasu baburan sai an sauke giyabos ɗungurungum, a wasu kuwa sai an raba babur gida biyu, gaba daban baya daban, kafin a ga fuskar kulocin. Saboda haka mai tunanin ko ya yi aikin da hannunsa ko ya kai wa bakanike, hanyar isa wurin kulocin ya kamata ya auna, da kuma abin da zai tarar a bayansa in ya isa.

Da farko ka tabbata babur ɗinka yana cikin waɗanda ake sauke wa giyabos, don mafi yawan baburan duniya ba sa ciki. Honda CG125, Bajaj Boxer, Yamaha YBR125 da ire-irensu, har manyan baburan Japan masu silinda huɗu, injinsu da giyarsu a gida ɗaya suke, kulocinsu kuma yana gefe a bayan murfi, cikin man inji tsundum. Faya-faye ne da yawa a jere, na ƙarfe zalla ɗaya, mai fatar kamawa ɗaya. Za a juye mai, a cire murfi, a kwance notunan sifirin, a zare tsofaffin, a jiƙa sababbin cikin mai, a jera su, a sa sabon gasket a rufe. In naka irin wannan ne, ba ruwanka da giyabos, kuma ban ga abin da zai hana mai ɗan haƙuri ya gama shi a gida cikin rabin yini ba. Abu ɗaya da zan ja kunne a kai shi ne mai. Kulocin da ke zaune cikin mai yana son wanda aka rubuta wa JASO MA ko MA2 a jikin galan. Man mota mai sinadarin ƙara santsi yana iya sa sabon faifai ya riƙa zamewa, mutum ya yi ta zargin kayan da ya saya alhali laifin na mai ne.

Waɗanda maganar ta shafa su ne baburan da aka ƙera kamar mota: inji a gaba, karanshaf a miƙe daga gaba zuwa baya, busasshen kuloci manne da fulawil (faffaɗan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a ƙarshen karanshaf), giyabos a bayansa, sai shaf da ke kai ƙarfi ga tayar baya maimakon sarƙa. BMW ta fara wannan tsari da R32 a 1923, ta kuma riƙe shi shekara casa'in a injinanta masu silinda biyu kwance hagu da dama. Sai a 2013, da R1200GS mai sanyaya da ruwa ya fito, aka mayar da kulocinsa gaban inji cikin mai. K100 da K75 na shekarun 1980 su ma a tsakanin inji da giyabos kulocinsu yake. Moto Guzzi ta Italiya haka take yi a mafi yawan baburanta tun V7 na 1967. Ural na Rasha, Dnepr na Yukren da CJ750 na Sin kuwa duk tsatson BMW R71 ne ta hanyar M-72 na Tarayyar Sobiyet, don haka sun gaji tsarin.

Akwai abu biyu da kan ruɗa mutane. Busasshen kuloci kaɗai ba ya nufin sai an sauke giyabos: Ducati da yawa busasshe gare su, amma a gefen inji yake, murfi kawai za a cire. Haka kuma giyabos ya kasance da gidansa daban ba hujja ba ce: manyan Harley-Davidson da tsofaffin baburan Ingila giyabos ɗinsu daban yake da inji, amma kulocin yana gefe, cikin gidan sarƙar da ke haɗa su. Inda kulocin ya zauna shi ne abin dubawa.

To, ka tabbata naka na saukewa ne. Saura ka tabbata kulocin ne ya mutu, domin babu takaicin da ya kai mutum ya wargaza rabin babur ya tarar faifai lafiya lau. Alamar cinyewa sananniya ce: kana giya ta sama, ka murɗa totur a kan tudu, inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba. Sai dai wayar kuloci da aka ɗaure tamau, babu ɗan wasa a hannu, ita ma haka take sawa, kuma gyaranta minti biyar ne. Ka fara da ita. In hannun kulocin da mai yake aiki ba da waya ba, duba yawan man da ke ƙoƙon hannu. A waɗannan baburan man yana hawa sama yayin da faifai ke cinyewa, kuma in ƙoƙon ya cika maƙil yana iya hana kulocin kamawa sosai. A BMW na 1993 zuwa 2012, cire sitata yana buɗe maka taga ka leƙa gefen faifan da tocila, har ka ga ko akwai danshin mai. Wannan leƙen ya kamata ya riga kowace shawara.

Danshin man nan shi ne tsakiyar maganar. Busasshen kuloci yana daɗewa ƙwarai in an bar shi a bushe, kuma sau da yawa ba tsufa ke kashe shi ba, mai ne ke zuba a kansa. Ƙofofin uku ne. Sil ɗin bayan karanshaf, wato zoben robar da ke tare mai, yana yoyon man inji daga gaba. Sil ɗin shaf ɗin shiga giyabos yana yoyon man giya daga baya. A R1150 kuma, ƙaramin silindan da ke tura kuloci yakan yi yoyo, man birkin da ke cikinsa ya bi sandar turawa har ya isa faifan. Hanci yana taimakawa wajen rarrabewa, don man giya yana da warin farar wuta mai ƙarfi wanda man inji ba shi da shi. Dalilin da ya sa na tsaya a nan shi ne, in faifai ya cinye ne kawai, aikinka sauyi ne, amma in mai ne ya jiƙa shi, sabon faifan ma zai bi sawun tsohon matuƙar ba a toshe ƙofar ba. Kuma toshe ƙofar gaba yana nufin cire fulawil, wanda shi ne wurin da aikin gida ke iya zama garin neman gira a rasa ido. Zan dawo kansa.

Abin da gida ya fi gareji da shi, na farko, kuɗi ne, kuma kowa ya san wannan. A wannan aikin ladan hannu yakan kai kuɗin kaya ko ya wuce shi, tunda sa'o'in duk suna tafiya ne wajen kwancewa da ɗaurawa. Amma a yi lissafin da gaskiya. In ba ka da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, sai ka saya, kuma babu hanyar kauce mata. Za ka buƙaci sandar daidaita faifai a tsakiya, da abin tare fulawil kada ya juya, da jak ko katako na tallafe inji, da igiyoyin ɗaure babur, da littafin gyara na ainihin samfurinka. Tsofaffin BMW suna son soket mai lamba 27 da aka fere bakinsa ya yi siriri kafin ya shiga ramin notin hannun tayar baya, da sifana mai lamba 10 mai kusurwa goma sha biyu don notunan shaf. Wanda ke da niyyar riƙe babur ɗin shekaru, waɗannan kaya jari ne, za su sake yi masa amfani. Wanda zai sayar da shi baɗi, rarar da zai samu ba ta kai yadda yake zato ba.

Na biyu, wanda ni na fi ba muhimmanci, shi ne natsuwa. Bakanike yana da babura a layi, lokacinsa kuma shi ne abincinsa. Ko mai gaskiya ne, ba lalle ya zauna da buroshi yana wanke haƙoran shaf ɗaya bayan ɗaya ba, ko ya bi wayoyin wuta yana neman inda suka goge. Kai kana da wannan lokacin. Ka ga boris ɗin hannun tayar baya da idonka, ka taɓa robar da ke rufe shaf ka ji ko ta bushe, ka juya gwiwar shaf ɗin ka ji ko tana cijewa. Zuwa da kai ya fi aike, kuma wanda ya taɓa sauke giyabos ɗin baburinsa ba ya ƙara jin tsoron wata ƙara da ta fito daga ƙasa, don ya san abin da ke wurin.

Abin da gareji ya fi gida da shi kuwa shi ne ido da ya saba. Wanda ya buɗe irin wannan injin sau talatin yana kallon farantin matsi ya san ya lanƙwashe tun kafin ya ɗora masa ma'auni, yana ganin haƙoran shaf ya san sun fara zama kamar bakin zarto. Yana da teburin ɗaga babur, yana da wanda zai riƙe masa, in noti ya karye a ciki yana da abin haƙo shi, in tiredi ya cinye a jikin alminiyon ya san yadda ake dasa sabo. In kuma aikin ya ɓaci, akwai wanda za ka koma wa. Sai dai duk wannan ya rataya ne a kan sharaɗi guda: bakaniken ya san wannan tsarin. Wanda ya ƙware a baburan kuloci cikin mai, ko da ya shekara ashirin yana yi, yana iya kasancewa bai taɓa ganin busasshen kuloci a babur ba. A irin wannan hali, kai da littafinka da haƙurinka kun fi shi, don shi zai koya ne a kan babur ɗinka kuma cikin sauri. Tambaye shi kai tsaye yadda zai tare karanshaf in ya cire fulawil, da irin giris ɗin da zai shafa wa haƙoran shaf. Amsarsa ta ishe ka ka san inda ka dosa.

Nauyin aikin ya bambanta sosai daga babur zuwa babur, kuma a nan ne shawara ke rabuwa.

Tsofaffin BMW masu sanyaya da iska zalla, irin su R75/5, R80 da R100, waɗanda aka yi ta ƙerawa har tsakiyar shekarun 1990, su ne suka fi dacewa da aikin gida. Ka cire wayar batir, ka sauke tanki, ka cire gidan iska da batir, ka kwance notuna huɗu da ke haɗa shaf da bayan giyabos, ka zare ƙusoshin hannun tayar baya ka ja shi baya, ka cire wayar kuloci da ta mita da ta fitilar firi, sai ɗauri huɗu da ke riƙe giyabos da inji. Ya ja baya, ya fito ta gefe. Wanda ya saba yana yi cikin 'yan sa'o'i, sabon shiga ya ware kwana biyu. Akwai ƙananan tarkuna da ya kamata a sani. Notin da ke riƙe wayar mita, wanda kuma wayar ƙasa ta batir ke ɗaure a kansa, rami gare shi a tsakiya don ta nan giyabos ke shan iska, kuma ɗan ƙarin ƙarfi yana karya shi. A samfuran kafin 1981, masu fulawil mai nauyi, sifirin yana danne da ƙarfi, don haka ba a kwance notuna shida da ke riƙe da kulocin haka kawai. Ana cire uku, ɗaya tsallake ɗaya, a sa dogaye masu goro a madadinsu, sannan a sassauta a hankali har ƙarfin ya sauka. Sabon faifai kaurinsa milimita 6 ne, in ya sauka zuwa 4.5 ya gama aiki. Ural da danginsa su ma a wannan aji suke wajen sauƙin isa, sai dai faifai biyu gare su, dole haƙoransu su yi layi ɗaya kafin shaf ya shiga, kuma sukurorin da ke riƙe da su an dandaƙe bakinsu don kada su kwance, sai da sukundireban bugu suke fita.

BMW na daga 1993, R1100 da R1150, wata duniya ce. A cikinsu inji da giyabos su ne ƙashin bayan babur, hannun tayar baya ma a jikin giyabos yake rataye. Kafin ka isa kuloci sai ka cire robobin jiki, tanki, salansa, tayar baya da kan giyarta, ka sassauta firam ɗin baya ka ɗaga shi sama ka rataye da igiya kamar wutsiyar kunama. Akwai wayoyin wuta da yawa, da bututan birki, in kuma mai ABS ne akwai ƙarin kaya a hanya. Ƙusoshin hannun baya an ɗaure su da gam ɗin noti mai ƙarfi, sai an gasa wurin da bindigar zafi zuwa wajen digiri 120 na Celsius kafin su saki, in ka matsa musu a sanyi tiredin alminiyon ne zai biyo su. Giyabos kuma dole ya ja baya a miƙe sak, a kan dogayen ƙusoshi biyu da ake ɗaurawa don su zame masa hanya, domin in ya karkata sandar tura kuloci ta lanƙwashe. R1200 na 2004 zuwa 2012 shi ma sai an raba shi biyu. Babu mataki ɗaya a cikin waɗannan da ya fi ƙarfin mai hankali, amma yawansu ne ke gajiyarwa, kuma kowace waya da aka mayar ba bisa hanyarta ba tana jiran ranar da za ta goge. Moto Guzzi masu firam ɗin da injiniya Lino Tonti ya tsara, wanda ya fara da V7 Sport a 1971, su ma sai an ɗaga bayan firam daga kan inji kafin giyabos ya sami hanyar fita, kuma manyansu faifai biyu gare su da sifirin da yawa, suna son abin matsewa na musamman wajen haɗawa.

Ra'ayina a nan a fili yake. Tsohon BMW ko Ural, in ka taɓa gyara bawul ko ka canza boris ɗin taya da kanka, yi a gida. R1100, R1150, R1200 ko babban Guzzi, kada ya zama shi ne babban aikinka na farko, sai in akwai wanda ya taɓa yi da zai tsaya tare da kai.

Wuri ma yana da nasa hukuncin, kuma mutane suna raina shi. Babur da aka cire wa tayar baya ba ya matsawa. Inda ka fara, nan zai zauna har ka gama, kuma kusan kullum sai ka buɗe sannan za ka gano akwai wani sil ko wata roba da ba ka saya ba, ka zauna jiran ta kwanaki. Kana buƙatar daɓe mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe, da rufi, da ƙofar da za a kulle don kada yara su taɓa. A ɗaure babban jak ɗin tsakiya da tayar gaba da igiya, don da zarar nauyin baya ya tafi, babur yana iya tuntsurawa gaba ya naɗe jak ɗin. Ƙura da yashi abokan gaba ne ga buɗaɗɗen shaf. In babur ɗin shi ne ƙafarka ta zuwa aiki kullum, ko kana da tafiya a mako mai zuwa, kai shi gareji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu fulawil. A tsofaffin BMW, shi ne ke hana karanshaf zamewa gaba. In ka kwance notunansa biyar ba tare da ka tokare karanshaf daga gaban inji ba, yana iya matsawa 'yan milimita, wani wosha da ke ciki ya sauka daga kan ƙusoshinsa. In ba ka lura ba ka ɗaure fulawil a haka, ka murƙushe shi, kuma gyaran wannan sai an wargaza injin gaba ɗaya. Tokarewar ba wuya, ɗan guntun abu ne ake sawa tsakanin murfin gaba da kan janareto, amma sai wanda ya sani. Ban da haka, dole fulawil ya koma yadda ya fito, don alamomin saita wuta a jikinsa suke, shi ya sa ake kawo inji kan alamar OT, wato inda fistan ya kai ƙarshen hawansa, a yi shaida kafin a cire. Notunansa ba a maimaita su, sababbi ake sawa. Sil ɗin kansa yana da zurfin da ake so ya zauna, in ya karkace ko leɓensa ya naɗe zai yi yoyo fiye da tsohon. A bayan fulawil ɗin kuma akwai murfin famfon mai da zoben robarsa, wanda sau da yawa shi ne mai yoyon ana ɗora wa sil laifi.

To in ka buɗe ka tarar wurin a bushe ƙamas, ka taɓa sil ɗin ko ka bar shi? Masu gyara sun rabu. Wasu na cewa tunda an riga an sha wahalar zuwa, a canza komai. Ni a wurin mai aikin gida na farko, na fi karkata ga a bar kaza cikin gashinta: sil da ba ya yoyo ya fi sabon da aka sa da hannu mai rawa. In kuwa akwai danshi, babu zaɓi, kuma nan ne hanya ta uku ke da amfani. Ka yi kwance-kwancen da kanka, wanda shi ne mai cin lokaci, ka kira wanda ya sani ya zo ya yi fulawil da sil cikin awa ɗaya ko biyu, ko ka ɗauki giyabos ɗin a hannu ka kai masa ya canza sil ɗin shaf. Ka biya ƙwarewa a inda ake buƙatarta, ka riƙe sauran. Ga mutane da yawa wannan ce ta fi kowace.

Akwai kuma zaɓin kaya: faifai kaɗai ko saiti gaba ɗaya. A baburin da kulocinsa ke gefe, mutum yana iya gwada faifai kawai, in bai yi ba ya sake buɗewa gobe. A nan sake buɗewa kwana biyu ne. Farantan ƙarfen da ke matse faifan suna cinyewa su yi ɗan kwari, sabon faifai miƙaƙƙe kuma ba zai kwanta a kansu duka ba, sai ya kama da gefe kawai. Sifirin ma yana gajiya da zafi da shekaru. Ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kan farantin ka duba ko haske na wucewa ta ƙasa, ka duba shuɗin ƙuna da tsagewa. In babur ya yi tafiya mai yawa, ni saiti nake ba da shawara, har da sababbin notuna. Faifan da mai ya jiƙa kuwa kada a wahalar da kai wajen wanke shi, man ya riga ya shiga cikin fatar, zafi zai sake fito da shi. Kafin ka rarraba tsohon saitin, yi wa sassan shaida da fenti. A BMW, sassan da ke da alamar nauyi daga masana'anta ana raba alamomin ne nesa da juna, wajen digiri 120, ba a jera su wuri ɗaya, in ba haka ba inji ya riƙa karkarwa.

Wasu sukan tambaya ko za a iya ja da giyabos baya kaɗan ba tare da an fitar da shi ba. Don shafa wa haƙoran shaf giris a tsohon BMW, ana yi. Don canza kuloci, a'a, babu wurin da hannu da sandar daidaitawa za su shiga.

Giris ɗin nan ma a yi maganarsa, don ƙaramin abu ne mai babban sakamako. Faifan yana zamewa gaba da baya a kan haƙoran shaf ɗin giyabos. In sun bushe, giya tana wuyar sauka, firi yana wuyar samuwa, daga baya haƙoran su cinye, wata rana inji na kuka babur na tsaye. R1150 ya yi suna da wannan cinyewar, don haka mai shi ya duba haƙoran da kyau, in sun yi kaifi maganar ta wuce kuloci ta koma buɗe giyabos, wanda aikin gareji ne ba tantama. Ana amfani da giris mai kauri mai sinadarin moli (molybdenum) da yawa, a shafa siriri da ɗan buroshi a kan haƙoran shaf kaɗai. In aka cika, ko aka shafa a cikin ramin faifan, shaf zai turo shi gaba, juyawa ta watsa shi kan fatar, ka ɓata sabon kulocin da hannunka. Ƙurar da ke cikin gidan kulocin kuma kada a hure ta da iska. Tsofaffin faya-faye suna iya ƙunsar asbestos, mai illa ga huhu. A jiƙa ta da abin wanke birki a goge da tsumma, a rufe hanci.

In ka zaɓi gida, ɗauki hoto da wayarka kafin ka cire kowane abu, musamman hanyar da wayoyi da bututai suka bi, ka zuba notunan kowane sashe a leda daban da rubutu. Wajen mayar da giyabos, ya kamata ya shige da hannu har ya haɗe da inji. In ya tsaya saura kaɗan, haƙora ne ba su haɗu ba ko faifai bai zauna tsakiya ba; sa giya ka ɗan juya bayan shaf ɗin har su faɗa. Kada ka ja shi da notuna don ya ƙarasa, nan ake lanƙwasa sabon faifai ko a fasa gidan alminiyon. Da ya zauna ka ɗaure shi, tun kafin ka mayar da hannun baya da batir da tanki, haɗa wayar kuloci ko bututunsa, ka sa giya, ka matse hannun kuloci, ka juya bakin shaf na baya da hannunka. In ya juya sakayau, da ka saki hannun kuma ya cije, ci gaba da haɗawa. In bai saki ba, ɗauri huɗu ko shida ne kawai tsakaninka da kulocin a wannan lokacin, sake ja da giyabos baya ka duba.